Dokin da Ya San Iyakar Gona

A ƙauyukan gabashin Zakirai ƙasa ba ta da hutu. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, ba abin da ya raba su sai tushen gamba ko wata 'yar siririyar hanya da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Daji kuwa sai dai a ba yara labarinsa. Da zarar an yi shuka mai unguwa zai sa a yi shela a ɗaure dabbobi, daga nan har kaka ko ɗan akuya sai a turke. To a irin wannan wuri ne Malam Uwaisu mai injin niƙa ya ga ba abin da ya dace da shi sai kiwon dokin sukuwa.

Ba gado ya yi ba. Ubansu jaki ma aro yake yi. Tun yana saurayi ne aka aike shi Kano sayen bel ɗin inji, ya bi ayarin mutane har filin sukuwa don ya ga abin da ake yi wa sauri. Da dawakan suka zo wucewa ya ji ƙasa na rawa tun daga tafin ƙafarsa har haƙoransa, ya koma gida bayan magariba ba bel, ya sha faɗa, bai ma ji ba. Tun daga ranar abin ya shige shi. Kuma shi ba sayen doki yake so ya yi ba, yana cewa wannan kowane mai hali ya iya. So yake a haifi doki a turkensa, ya raine shi da hannunsa, ya kai shi gaban jama'a ya wuce na masu kuɗi.

Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya mallaki goɗiya, wata mai dogon wuya da ake kira Bidi. Ta yi masa haihuwa uku, ba wadda ya ci moriyarta. Na fari ya zo ba rai. Ta biyu mace ce mai sanyin jiki, ko kare ya biyo ta ba ta sauri, ya rabu da ita. Na uku shi ne ya ƙona masa rai, domin duƙushi ne da ko maƙiyi ya gani sai ya sake kallo. Ranar wani suna a gidan, wani baƙo ya leƙa turke ya ce, "Kai! Wannan ai jirgi ne!" Bai ce tubarkalla ba, bai ce masha Allah ba. Ba a rufa mako ba duƙushin ya kama birgima da ciwon ciki, ya mutu yana dukan ƙasa da kai. Matarsa Hure ta ce ita dai ta ga an cika masa sabon gero jiƙaƙƙe fiye da kima. Uwaisu ya ce ta yi masa shiru, baki ne, kuma ya san mai bakin.

Bidi ta fara tsufa, bayanta ya soma lotsawa. Kowa ya gan ta ya san haihuwa ɗaya ta rage mata, in ma ta rage. Uwaisu ya ja ta har Ɗanbatta wurin Alhaji Umara, wani Babarbare mai fataucin kanwa wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun da daɗewa. Alhaji Umara yana da wani ingarma ɗan Sudan da ya yi suna a sukuwa kafin ya ajiye gudu, kuma ba kowa yake bari ya kawo goɗiya ingarman ya yi mata baye ba. Amma ya daɗe yana ganin Uwaisu a bakin fili, siririn mutum mai garin niƙa a gira, yana kallon dawakan mutane kamar mayunwaci a bakin tukunya. Ya tausaya masa ya ce a shigo da ita.

Da watanninta suka cika, Bidi ta haihu da hantsi, cikin bazara. Namiji, baƙi wuluk, ƙafafu dogaye har suna harɗewa. Uwaisu ya tsuguna a gabansa hawaye na bin gemunsa, bai ko ji kunyar Hure ba. Da ya miƙe, abin da ya fara yi shi ne ya ɗebo kara ya ja darni mai tsawo ya kewaye turken, ya bar ƙofa ɗaya ta baya mai fita gona. Maƙwabta da suka zo barka ya tare su a zaure ya ce ai wani ɗan tsurut ne, da wuya ma ya yi rai. Suna kuwa, maimakon irin na dawakan sukuwa masu cika baki, sai ya sa masa Ajuji, sunan da ake ba yaron da 'yan uwansa suka yi ta mutuwa, don mutuwa ta ɗauka abin yarwa ne ta wuce shi.

Ajuji ya yi rai, ya yi girma, ya kuma yi ci. Dusar da Uwaisu ke samu a inji ba ta isarsa, sai an haɗa da gero da harawa da 'yar kanwa. Rumbun da a da yake kai su har sabon hatsi ya koma yana ƙarewa tun ana tsakiyar noma. Hure ta koyi sirka garin tuwo da na rogo, ta koyi yin shiru in yara suka tambayi dalili. Rufin ɗakinta ya yi damina biyu yana yoyo, amma rumfar Ajuji kwanon rufi sabo ne. In ta ga mijin ya nufi bayan darni da ƙwarya sai ta ce, "A gai da maigida." Shi kuma sai ya yi kamar bai ji ba. Ba ƙin dokin take yi ba, gajiya ce kawai ta yi da zama ta biyu a bayan dabba.

Da ya isa hawa sai babbar matsala ta taso. Dokin sukuwa da gudu ake yinsa, gudu kuma sai da fili. Da damina ko'ina shuka ce. Da rani gonaki duk kunyoyi ne da tushen kara masu tsini, doki ya taka ɗaya a guje ya gama yawo. Titi na babura ne da motocin yashi. Ban da haka ma, duk inda ya bi da shi idon mutane ne. Uwaisu ya yi ta saƙawa yana kwancewa, daga ƙarshe ya sami wansa Hashimu, wanda suke noma gandun ubansu tare a bayan gida.

"Yaya, so nake a bar mini gefen gona, kewaye guda, kada a shuka."

"A bar maka ka yi me?"

"Kilisa zan riƙa yi wa dokin nan."

Hashimu ya ajiye fartanyar da yake gyarawa ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Uwaisu, lafiyarka kuwa? Mutane na rigima a kan kunya ɗaya har gaban dagaci, kai kana so mu bar dami nawa doki ya taka? Gonar da Baba ya mutu yana kai mata taki a ka?"

"Shekara biyu kawai, Yaya. In ya ci sukuwa, ɗan da zai haifa ma..."

"In ya ci. To ni 'ya'yana ba sa cin in-ya-ci. In ka matsa, a kira dattawa a raba, kowa ya san nasa. Ka ga dama ka shuka doki a naka."

Aka kira dattawa aka raba. Gandun da bai taɓa sanin iyaka a tsakiyarsa ba aka ja masa layi aka dasa gamba, 'yan uwa biyu da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka koma gaisuwar masallaci. Abin ya yi wa Uwaisu ciwo ƙwarai, amma bai fasa ba. Rabonsa ya zo dogo, siriri, daga bayan gida zuwa wata tsohuwar tsamiya da ke kan iyaka. Ya baje kunyoyin gefe, ya tsince duwatsu da tushen kara, ya zuba yashi da amalanke har hanya ta kewaye gonar, mai taushi kamar shimfiɗa. Ta wajen kuma ya ja darni. Karan da Hure za ta yi girki da shi shekara guda, a nan ya tafi.

Kullum in an idar da sallar asuba, kafin mutane su fito, Uwaisu zai ɗaura sirdi ya fito da Ajuji ta ƙofar baya. Shi ne mahayin, tunda jikinsa ba nauyi kuma bai yarda wani ya taɓa dokin ba. Su miƙe dogon gefen a guje, in sun kai tsamiya su karya hagu, su bi gajeren gefe, su sake karya hagu su dawo. Haka kullum, rani da damina. Da farko sai ya ja linzami da ƙarfi kafin dokin ya juya, har sau biyu suna faɗawa cikin darni. A hankali Ajuji ya gane. Ya zamana ko Uwaisu ya saki linzami, dokin zai zuba gudu kamar ba zai tsaya ba, yana kaiwa daidai wurin sai ya kwantar da kafaɗa ya karya da kansa. Wannan abu yana faranta wa Uwaisu rai fiye da komai. Ya kan dawo yana haki ya ce wa Hure, "Dokin nan hankali gare shi kamar mutum. Ba sai na gaya masa ba."

Mutum ɗaya kawai ya yarda ya gan shi, shi ne Alhaji Umara, shi ma sai da ya yi tubarkalla tun daga zaure. Tsohon ya shafa ƙafafun dokin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinsa, ya sa kunne a ƙirjinsa. Sannan ya tsaya a gindin tsamiya ya ga an zagaya da shi.

"Malam Uwaisu, ubansa bai kai shi ba," in ji shi. "Wallahi bai kai shi ba. Amma gonar nan ta yi masa kaɗan. Ka kawo mini shi Ɗanbatta ya yi ko wata guda a cikin nawa. Ya ga fili, ya ga 'yan uwansa, ya ji hayaniya, mahayi ya saba da shi."

"Alhaji, bargarka kullum cike take da mutane."

"To sukuwar a ɗaki za a yi ta? Ranar ai duniya ce za ta gan shi."

"Ranar ta Allah ce. Kafin su gama buɗe baki ya riga ya wuce. Amma wata guda ana kallonsa ana magana, ni na san abin da na gani a kan ɗan uwansa."

Alhaji Umara ya girgiza kai. "Ni dai na gaya maka. Doki ba amarya ba ne."

Uwaisu ya yi dariya, ya raka shi har mota, ya dawo ya ƙara turara wa Ajuji habbatussauda saboda yabon da aka yi masa.

Bayan kaka masu dawakan yankin suka shirya sukuwa a wani fili a bayan Ɗanbatta. Fili ne miƙaƙƙe, dogo, an share shi an ja igiya dama da hagu, tun daga inda ake tashi har inda alƙalai ke zaune ba kwana ko ɗaya. Uwaisu ya ɗauko Ajuji a a-kori-kura, lulluɓe da tsofaffin zannuwan Hure, da laya a wuya da wata a jela. Dokin da bai taɓa ganin mutum biyar a wuri ɗaya ba ya sauko cikin ganguna da ƙarar babura da masu tallan rake. Jikinsa ya ɗauki ɓari, ya cusa hancinsa a hammatar Uwaisu ya ƙi cirewa.

Da aka yaye zannuwan, wurin ya ɗan yi tsit, sannan magana ta ɓarke. Na wa ne? Daga ina? Uwaisu yana jin kowace kalma kamar ana jifansa da tsakuwa, yana ta karanta Falaƙi da Nasi a zuci. Amma kada a yi ƙarya, a ƙarƙashin tsoron nan akwai daɗi, irin wanda ya shekara talatin yana jira.

Dokar wurin ba ta bar mai furfura ya hau ba, don haka Alhaji Umara ya ba shi mahayinsa, wani ɗan Kano mai suna Najib, gajere, mai tabon faɗuwa a haɓa, wanda ya ci sukuwa ba adadi. Najib ya zagaya dokin ya ce, "Baba, yana da wani hali da ya kamata in sani? Yana cizo? Yana tsoron bulala?"

"Ba ya buƙatar bulala. Kada ma ka dame shi da linzami. Ka sakar masa kawai, ya san aikinsa."

"An gama, Baba."

Dawaki takwas aka jera. Da aka sauke tuta Ajuji ya yi turus, ya firgita da ihun, sauran suka bar shi a baya. Sai kuma dokin ya ga hanya a buɗe a gabansa, ya tuna abin da aka haife shi dominsa. Ya miƙe wuya. Ya kamo na baya, ya kamo na gabansa, ya ratsa tsakiyarsu kamar suna tsaye. Kafin a kai rabin fili ya fita gaba shi kaɗai, tazarar tana ƙaruwa, Najib ya kwanta a wuyansa ya sakar masa linzami kamar yadda aka gaya masa. Jama'a suka ɗauki sowa. Alhaji Umara, da girmansa, ya cire hula yana kaɗawa. Uwaisu ya ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa, kuma yau dokinsa ne ke girgiza ta.

Uwaisu ne ya fara gani, tun kafin abin ya faru. Shekara biyu yana kan bayan dokin nan, jikinsa ya san tsawon gudun kamar yadda ya san hanyar masallaci. Yana tsaye a bayan igiya sai ya ji cinyarsa ta hagu ta matse da kanta, kafaɗarsa ta karkata. A gida, nan ne tsamiya. Ya buɗe baki zai yi kira, amma ya makara.

Ajuji ya kwantar da kafaɗa ya karya hagu, tsaf, yadda ya saba, ba tare da ya rage gudu ba. Babu tsamiya a wurin, babu hanya mai yashi. Igiya ce, da mutane, da baburan 'yan kallo jere a bayansu. Mutane suka watse suna salati. Igiyar ta harɗe ƙirjinsa, Najib ya tashi sama ya faɗo can gefe, dokin ya afka cikin baburan da dukkan nauyinsa. Ƙarar da aka ji ba ta ƙarfe kaɗai ba ce. Sauran dawakan suka wuce, wani ya ci, Uwaisu bai taɓa sanin ko wane ne ba.

Da ya isa wurin, Ajuji ya riga ya miƙe a kan ƙafa uku. Ta gaba ta dama tana lilo daga ƙasan gwiwa, ƙashi ya huda fata. Bai yi haniniya ba, sai huci yake, idanunsa na neman fuskar da ya sani a cikin taron. Da ya ga Uwaisu ya yi yunƙurin takowa. Najib na zaune a ƙasa riƙe da kafaɗarsa da ta goce, jini a bakinsa, wasu na zaginsa wai ya kasa riƙe doki. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ban ja shi ba. Wallahi ban ja shi ba. Da kansa ya juya." Uwaisu bai iya dubansa ba.

Alhaji Umara ya ja shi gefe ya yi masa magana a hankali. Ya ce ƙafar doki ba ta ɗoruwa, bai taɓa ganin wadda ta ɗoru ba, a nemo mai bindiga a hutar da shi tun yau. Kafin ya rufe baki wasu mutum biyu sun matso, irin masu bin kasuwanni suna sayen dawakai da jakunan da suka gama aiki suna lodawa kudu. Suka ce za su ɗauke masa wahala, ai da ransa ma suka fi so. Uwaisu ya dube su, ya tuna kwana da kwanakin da mota ke yi a hanya, dabbobi a tsaye a cunkushe. Ya ce in ɗayansu ya sake taɓa dokin sai an raba su. Bai saurari Alhaji Umara ba kuma. Ya sa aka ɗora Ajuji a mota, ya zauna a baya rungume da kansa har gida.

Ya kawo maɗori, wani dattijo da ya ɗora rabin ƙasusuwan yankin. Dattijon ya ce shi mutane yake ɗorawa da awaki, amma Uwaisu ya roƙe shi har ya ji nauyi. Aka ja ƙafar, aka jera kara aka ɗaure, aka yi tofi. Aka kafa itace huɗu aka rataye dokin da buhuna ta ƙarƙashin ciki don kada ya taka. Mutum in an ɗora shi ana ce masa ya kwanta, sai ya kwanta. Doki ba ya jin wannan. Ajuji ya yi ta fizga, ɗorin ya goce, aka sake, ya sake gocewa. Buhunan suka ci fatar cikinsa. Ɗaya ƙafar ta gaba, da ke ɗauke da nauyin biyu, ta kumbura har kofaton ya fara tsagewa. Ya daina cin gero, ya daina cin harawa, sai ɗan ruwan dusa in Uwaisu ne ya miƙa masa. Inji ya zauna a rufe, masu niƙa suka koma wani wuri.

Yanzu da ba abin ɓoyewa, darnin ya zama a buɗe, mutane suna ta shigowa jaje. Kowa da abin da yake faɗa, amma duk magana ɗaya ce. Baki ne. Ido dubu a kan doki ɗaya, me ake jira? Wata tsohuwa ta ce ita ta ji wanda ya ce ko iska ba ta kamo shi. Har ɗan uwan wanda ya yi wa duƙushin baya baki aka ce an gani a filin. Suna faɗa ne don su sanyaya masa rai, kuma ga shi magana ce irin tasa, wadda ya shekara yana yi wa kowa wa'azinta. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta.

Wari ya fara fita daga ɗorin, ƙudaje suka tare. Wata safiya Hure ta shigo bayan darnin, wurin da ba ta cika shiga ba, ta tsaya tana kallon dokin da ya cinye mata rumbu. Haƙarƙarinsa duk sun fito, baƙin gashin nan mai sheƙi ya koma kamar tsohon buhu. Ta sa hannu ta kore masa ƙuda daga ido.

"Malam," ta ce, "ban taɓa roƙonka komai a kan dokin nan ba. Yau ina roƙonka. Ka sake shi ya huta. Abin nan da kake yi ba shi kake yi wa ba."

Uwaisu ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya tafi ƙauyen gaba wurin Usaini maharbi.

Usaini ya zo ya duba wurin ya ce ba a nan za a yi ba. Mushen doki ba ya fita ta ƙofar gida, kuma ba mai iya jansa. Sai dai a haƙa rami a gona tukuna, a kai shi bakin ramin da ƙafarsa, yadda in ya faɗi zai faɗa ciki. Uwaisu ya ɗauki diga ya fita. Ƙasar rani ce, ta yi tauri kamar dutse, shi kuma ba ƙarfi, ya yi ta sara har tafinsa ya fashe ramin bai kai gwiwa ba. Can sai ya ji ana sara a bayansa. Hashimu ne, ya tsallako gambar da ta raba su da tasa digar. Bai yi sallama ba. Suka yi ta haƙa tare har la'asar.

Aka kwance buhunan. Usaini da Hashimu suka kama ragama za su ja, dokin ya kafe, ya zare ido, yana neman faɗuwa. Bai san su ba. Duk duniya mutum ɗaya ya sani. Dole Uwaisu ya karɓi ragamar, ya yi masa ɗan tsakin nan da yake yi masa kullum da asuba. Ajuji ya ɗaga kunne. Ya yi tsalle ɗaya a kan ƙafa uku, ya tsaya yana nishi, ya sake yin wani. Haka ya bi shi ta ƙofar baya, a hankali, hancinsa na taɓa kafaɗar ubangidansa, har bakin ramin.

Usaini ya ɗura bindiga ya ce, "Malam, matsa gefe." Uwaisu ya saki ragama ya ja da baya, dokin ya yunƙura zai bi shi. Aka sake gwadawa, ya sake yunƙurawa. Usaini ya ce in yana motsi ba zai sami wurin da ya kamata ba, sai an yi biyu ko uku. Uwaisu ya dawo ya tsaya a gabansa, ya riƙe ragamar da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan yana shafa masa hanci, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya natsu ya sauke kai. Usaini ya matso ta gefe ya saita bayan kunne.

Ƙarar ta tashi tsuntsaye daga gonaki uku. Ragamar ta fizge daga hannun Uwaisu ta bi dokin cikin rami.

Suka mayar da ƙasa su biyu, Usaini ya yi musu sallama ya tafi. Da suka gama, Hashimu ya jingina da digarsa yana share gumi, ya dubi ƙanensa, tausayi ya kama shi. Ya nemi abin da zai faɗa mai daɗi, bai sami wani ba sai wanda kowa ke faɗa.

"Ka yi haƙuri, Uwaisu. Ka yi iya yinka, ka ɓoye shi iya ɓoyewa. Bakin mutane ne, ba a iya masa."

Uwaisu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa inda igiyar ta ƙone shi.

"Ba baki ba ne, Yaya," ya ce. "Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da na koya masa shi ya yi."